Yarinyar da Ba Ta Zama Babu Alwala

Shekara ashirin da biyu ke nan, a cikin wannan wata, da rasuwar ƙanwata Rakiya. Tana da shekara tara ta tafi, ni kuma ina da sha uku. Da tana nan da yanzu ta ba talatin baya, wataƙila da goyo, wataƙila da ƙiba irin ta matan gidanmu, waɗanda ba sa fara cika sai bayan haihuwa ta biyu. Nakan gwada ɗora mata wannan jiki a zuciyata, sai ya ƙi zama. Kullum ita ce dai 'yar siririyar nan mai wushirya, tsugune a bakin rariyar gidanmu na unguwar Wambai a Suleja, da koriyar buta a gabanta, ta naɗe hannun riga.

Duk wanda ya taɓa zama da mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ya sha labarin wannan buta. Ko ba ka tambaya ba za ta ba ka. Takan ce, "Yarinyar nan a ƙarshen kwananta ba ta zama babu alwala. Kana ƙifta ido ta ɗauki buta. Ashe Allah ne yake shirya abinsa." Daga nan sai ta yi murmushi, ta goge ido da bakin mayafi. Da wannan labari Inna ta tashi daga tabarmar makoki, da shi ta iya komawa bakin murhu, da shi ta jure rasuwar Baba bayan shekara goma. Ni kaɗai a duniya na san abin da Rakiya take yi da butar nan. Na riƙe shi shekara ashirin da ɗaya ban faɗa ba, sai bara, da ya zama dole in zaɓa tsakanin labarin Inna da ran wata yarinya.

Abin ya faro ne da bazara, lokacin da mangwaro ya cika kasuwa har ana tattaka shi. Rakiya, wadda ta daina fitsarin kwance tun tana shekara uku, sai ga shi ya dawo mata. Da safe Inna takan ɗauke tabarma da zanen rufa ta shanya can bayan ɗaki, inda maƙwabta ba za su hango ba. Kwana uku, kwana huɗu, mako guda. Ana haka ƙanwar Baba, Goggo Dije, ta zo daga Chaza cin kasuwa, ta ga shanya, ta gane. Ita a wurinta magani ɗaya ne, wanda aka yi wa na da: a kamo kwaɗo a ɗaura wa yarinya a ƙugu, yaran unguwa su bi ta da waƙa har ƙofar gida, kunya ta kori fitsarin. Inna mace ce mai sanyi, ba ta musu da dangin miji, amma ranar ta ce ba za a ɗaura wa 'yarta kwaɗo ba. Sai ta zaɓi abin da take ganin ya fi tausayi. Ta kafa doka cewa daga kiran sallar la'asar har wayewar gari Rakiya ba za ta sha ruwa ba, ba kunu, ba koko, ba komai mai ruwa.

Ni aka naɗa gadin randa. In faɗi gaskiya, na ji daɗi. Ba a taɓa ba ni sarautar komai a gidan ba, sai ta wanke-wanke. Na ɗauko kujera 'yar tsugunno na dasa a gindin randar, na ɗora moɗa a cinyata ina tsintar shinkafa, ina hararar duk wanda ya doso. Ranar farko Rakiya ta zo sau biyar. Ta roƙa, ta yi mini alkawarin rabin namanta, ta yi kuka, ta ce za ta gaya wa Baba na fasa kofin shayinsa. Ban ba ta ba.

Ya kamata in faɗi irin yarinyar da take, don kada a ɗauka wata salihar baiwa ce mai sunkuyar da kai. Rakiya aku ce. Tun daga farkawa har barci bakinta ba ya hutawa, kuma rabin abin da take faɗa ƙirƙira ce. Ita ce ta gaya wa yaran layinmu cewa a cikin Dutsen Zuma akwai tafki mai sanyi da kifaye farare, wai wata tsohuwa mai sayar da tukwane ce ta shiga ta gani. Takan zauna a dakalin ƙofar gida da sassafe tana kallon ma'aikata suna sauri su sami motar Abuja, tana raba musu muƙamai: wancan mai jakar shi ne mai kunna fitilun titi, waccan mai takalmin ita ce mai share gidan shugaban ƙasa. Ita kuma in ta girma za ta gina gida a can, kowane ɗaki da famfonsa, har ɗakin kaji. Mai irin wannan kai ba a rufe masa ƙofa ya zauna.

A rana ta biyu ta gano cewa akwai ruwan da babu mai hana ɗan Musulmi. Ta zo gabana da buta, ta ce, "Yaya, zuba mini, alwala zan yi." Duron da muke ɗibar ruwan aiki ya fi ta tsawo, murfinsa kuma da nauyi, don haka ni na zuba. Ba a jima ba ta dawo, wai alwalar ta karye. Ba ƙarya take ba, domin a lokacin ba ta awa guda ba ta zaga ba. Na sake zubawa. A rana ta uku ko ta huɗu na ɗaga kai daga tsintar shinkafa na dube ta. Ta ɗebi ruwa a tafin hannu ta kai baki kamar mai kurkurewa, kumatu suka cika, amma ba ta furzar ba. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta sake, ta sake. Da ta waiga ta ga Inna ta shiga ɗaki, sai ta ɗaga butar gaba ɗaya ta kafa kai. Tana saukewa muka haɗa ido.

Ta matso kusa da ni, ruwa yana ɗiga daga haɓarta. Ta ce, "Yaya, don Allah kar ki faɗa. Wallahi bakina kamar an zuba mini toka."

Ban faɗa ba. Wani abu a idonta ya sauke ni daga sarautata. Daga ranar ma na daina zuba mata ruwan duro, wanda ya sha rana kuma yake da ƙanshin ƙarfe. In ido ya kau sai in cika butar daga randa, ruwa mai sanyi, in miƙa mata ina ɗaure fuska kamar ba ni ba. Tsakanin la'asar da isha'i sai in cika sau shida, sau bakwai. Na ɗauka alheri nake yi, kuma na ji kaina babba, mai riƙe sirri.

Akwai abin da har yanzu yake sa ni murmushi. Rakiya ba ta son ta ci amanar alwalar. In ta gama sha sai ta yi ta cikakkiya, da shafar kai da wankin ƙafa, babu gaggawa. Ta san ba a nafila bayan la'asar, don haka sai ta ɗauki allonta ta zauna tana bita. Bayan magariba kuwa raka'a biyu take yi duk alwala. Baba, wanda yake gyaran keken ɗinki a bakin kasuwa, ya dawo ya tarar da wannan sabon hali, ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya sa mata suna Malama. Ya sayo mata ƙaramar darduma da farin hijabi, ya riƙa ba da labarinta a majalisarsu. Ni kuma aka fara yi mini gori da ita, wai ƙanwata ta riga ni hankali.

Fitsarin bai tsaya ba, ya za a yi ya tsaya? Sauran abubuwa kuma suka biyo, kowanne muka ba shi fassararsa. Tana cin tuwo malmala biyu ta nemi ƙari, amma kullum ƙara zubewa take, har Inna ta rage mata rigar makaranta sau biyu. Aka ce tsawo take yi. Ni kuwa na samu abin tsokana, ina ce mata ci ba ƙiba asarar hatsi. Ta fara gyangyaɗi a Islamiyya, aka ce zafin gari ne. Ta ce rubutun allon aji yana yi mata kamar an jiƙa shi, aka ce ƙiwa ce. Aku ta rage surutu, ta koma saurin fushi, aka ce girma ne ya zo da nutsuwa. Ba wanda ya tattara su wuri ɗaya ya duba, kuma mafi girmansu, wato ƙishin nan da ba ya mutuwa, ni na rufe shi da hannuna. Kowa a gidan ya ɗauka yarinya tana yin rabin yini ba ta sha ruwa ba kuma lafiya lau.

Bai kai wata biyu ba. Wata Juma'a da safe ta tashi da amai da ciwon ciki. Aka karɓo maganin zazzaɓi a kemis. Zuwa Asabar ta fara wani irin numfashi, mai zurfi da sauri, kamar wadda ta yi gudu daga kasuwa. Da na sunkuya in gyara mata matashi na ji bakinta yana ƙanshin mangwaron da ya nuna ya wuce, har na tambaye ta ko ta ci ne a ɓoye. Ta girgiza kai. Aka kai ta wani ƙaramin asibiti, aka sa mata ruwa. Ranar Lahadi bayan azahar aka dawo da ita a naɗe. An ce zazzaɓi ne mai tsanani, muka karɓa, domin abin da yake ɗaukar yara ke nan a saninmu. Ba wanda ya auna sukarin jininta. Don haka ba ni da takardar da zan nuna wa kowa, abin da nake da shi kawai shi ne abin da idona ya gani.

Yanzu ni ce nake saurin samun motar Abuja da sassafe. Ina zaune da iyalina a unguwar Magajiya, ina aikin buga takardu a wani ofis, kuma ban san muƙamin da Rakiya za ta ba ni ba in ta hango ni daga dakali. In mota ta zo daidai Dutsen Zuma, musamman da damina in gajimare ya sauko ya rufe masa kai, nakan jingina da gilashi in bar zuciyata ta tafi. Sai in ga kamar tana zaune kusa da ni, ta matse ni da jakarta, tana nuna mini abubuwa. Me za ta ce da Sulejan yau? Ina jin ruwa za ta fara gani. A zamaninmu ruwa abu ne da ake ɗebowa, a adana, a rufe da faifai, a sa masa mai gadi. Yanzu duk inda mota ta tsaya sai an miƙo maka fiya wata ta taga, mai sanyi har yana gumi. Kowane layi da burtsatsensa. Yaran firamare suna tafiya da goruna masu launi rataye a wuya, wasu ma ba su shan rabi suke zubarwa. Ina jin za ta tsaya ta bi su da kallo, ta ce, "Yaya, duk wannan nasu ne? Ba mai hana su?" Sannan ta tambaye ni ina gidan nan mai famfo a kowane ɗaki, in ce mata ni ma haya nake, famfonmu ɗaya ne kuma sai ya ga dama. Ta yi dariya har wushiryar ta fito.

A cikin irin wannan mota na sami sunan abin da ya ɗauke ta, shekara biyar da suka wuce. Akwai wata Bayarabiya da muke yawan haɗuwa, muna ce mata Maman Tope, tana da shagon kayan ɗinki. Wata safiya na ga tana riƙe da 'yar kula a cinya kamar mai ɗauke da ƙwai, na tsokane ta ko abinci ta ɓoye mana. Ta ce allurar ɗanta ce, ciwon suga gare shi, shekararsa goma. Na ce haba, ciwon suga ai na manya ne, na alhazai masu tumbi. Ta kaɗa kai ta ce, "A'a o, sista. Ba ruwansa da babba da yaro. Kuma ba alawa ya sha ba, haka Allah ya kawo. Nawa kawai ya fara piss for bed, fitsarin kwance, yana shan ruwa kamar raƙumi, yana ci yana ramewa. Da na ƙara kwana biyu a gida, likita ya ce da wani labarin ake." Ta ci gaba, ta faɗi gajiya, ta faɗi gani dishi-dishi, ta faɗi amai da numfashi da ƙanshin baki. Tana lissafi ne da ɗanta, ni kuwa ina ganin gidanmu na Wambai. Ban san lokacin da muka wuce inda nake sauka ba.

Ashe tsumagiyar kan hanya ce, fyaɗe yaro fyaɗe babba. Daga baya na tambayi wata nas, ta ƙara mini bayani cewa na yara yawanci jikinsu ne yake daina yin sinadarin da yake shigar da sukari inda zai yi amfani, sai ya taru a jini, jiki ya riƙa fitar da shi ta fitsari, ruwan jiki yana binsa. Shi ya sa ƙishin ba ya ƙarewa. Ta ce ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a gane, kuma in an gane da wuri yaro yana rayuwarsa da allura, ya yi karatu, ya yi aure. Ɗigo ɗaya. Na yi ta juya wannan magana a raina. Da na buɗe baki na ce, Inna, yarinyar nan buta bakwai take sha, wataƙila da wani ya ce wannan ba lafiya ba. Wataƙila kuma da an ƙara tsaurara dokar ne kawai. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. An ce da na sani ƙeya ce.

Ban gaya wa Inna ba. Me zai amfana? Tsohuwa ta gina wa kanta inuwa tana hutawa, in je in sare don me? In ta fara labarin butar a gaban baƙi, sai in tashi in ce zan duba tukunya.

Bara da rani na je gaishe ta wata Asabar. Inna tana riƙon Nana, 'yar ƙanena Sani, wadda take da shekara bakwai a lokacin. Na zaga bayan ɗaki in wanke hannu, sai na ga katifar yarinyar a jingine da bango tana shan rana. Na dawo na dubi Nana da kyau. Wuyan rigarta ya yi mata yawa. Ana kiran la'asar na ga Inna ta tashi ta kwashe ledojin ruwan da ke tsakar gida ta kai ɗakinta ta kulle, Nana tana binta da ido tana lasar leɓe. Na tambaya, Inna ta ce mako biyu ke nan da fitsari ya dawo mata, amma za ta daina, an san maganin abin.

Na ce a kai ta asibiti a auna ta yau ɗin nan. Inna ta yi dariya, ta ce mu 'yan boko komai asibiti, wa ya taɓa kai fitsarin kwance gaban likita a yi masa dariya? Na kira Sani a waya, ya ce duk abin da Inna ta ce shi ke nan, shi ba zai shiga tsakanin kaka da jika ba. Na faɗi labarin ɗan Maman Tope, Inna ta ce wannan jinin wasu ne, mu babu ciwon suga a danginmu. Na zauna ina kallon yarinyar, ta jingina da ƙofa tana lumshe ido tun rana ba ta faɗi ba. Na san abu ɗaya ne zai ɗaga Inna daga tabarmar nan, na kuma san abin da zai rushe mata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na tura Nana waje, na durƙusa a gaban Inna. Na ce, "Inna, akwai shi a danginmu. Rakiya ba alwala ce take kai ta ga buta ba. Sha take yi. Ƙishi ne yake cin ta, mun hana ta ruwa, ta rasa hanya sai wannan. Na gani da idona, na ɓoye. Duk abin da na gani a jikinta shi nake gani a jikin Nana."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana ba sai ranar. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta daɗe tana kallon bakin rariya. Sannan ta miƙe da ƙyar, ta buɗe ɗakin, ta ɗauko ledar ruwa biyu, ta kira Nana ta ba ta, ta tsaya a kanta har ta shanye. Ta yafa mayafi ta ce in tare mana Keke. A asibiti aka soki yatsar Nana, nas ta dubi na'urar, ta dube mu, ta tafi da sauri ta kira likita. Kwana shida muka yi a can. Likitan ya ce mun zo a kan gaɓa.

Yau Nana tana aji uku, ta mayar da jikinta, ta fi kowa tsiwa a layin. Ana yi mata allura kullum, kuma Inna, wadda ba ta iya kallon yankan kaza, ita ce ta koyi yi mata. Ba abu ne mai sauƙi ba, ba zan yaudari kowa ba. Akwai kula da abinci, akwai awo, akwai ranar da yarinya za ta ce ta gaji da tsira. Amma tana nan, tana yi mana rashin ji. Ga duk uwa ko uba ko yaya da ke karanta wannan, roƙona ɗaya ne. In yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi, kada a fara da duka ko gori ko kulle ruwa. A duba ko yana yawan sha, ko yana ci yana ramewa, ko ƙarfinsa ya ragu, a kai shi a auna. In kuwa har amai da ciwon ciki da numfashi mai nauyi sun shigo, kada a jira gobe.

Abin da na biya shi ne labarin Inna. Tun ranar ba ta sake ba da shi ba. Baƙi sukan zo, hira ta biyo ta kan Rakiya, in ga bakinta ya motsa kamar za ta fara, sai ta fasa, ta gyara zama. Ba ta canza mini fuska ba, amma ba ta kuma tayar da maganar ba, fiye da shekara guda. Na sha cewa a raina na ceci jika na kashe 'ya a karo na biyu. Na so in ce mata ai ba duka labarin ne ya rushe ba, domin alwalar ta gaskiya ce, sallolin ma na gaskiya ne, yarinyar da ƙishi yake ƙona ta amma ta ƙi yi wa Allah wayo ba ƙaramar yarinya ba ce. Ban sami fuskar faɗa ba.

In na auna abin da ya rage na Rakiya, ba shi da yawa a ido. Hoto ɗaya ne, na makaranta, shi ma ya koɗe. Yaran da ta yi wa ƙaryar kifayen Zuma sun zama iyaye, wataƙila ɗaya ko biyu suna tunawa in sun wuce. Ba ta bar ɗa ba, ba ta gina gidan famfo ba. Amma akwai yarinya 'yar shekara takwas da take tafiya makaranta kowace safiya a Wambai saboda abin da jikin Rakiya ya koya mini, ko da yake na makara wajen ɗaukar karatun. Ban san mutum nawa ne suka yi shekara saba'in suka bar abin da ya kai wannan ba. Allah ya jiƙanta, ya shayar da ita daga tafkin da ba a ƙishi bayan an sha.

Makon jiya muka taru yin wainar sadakar tunawa da Rakiya, kamar yadda muka saba duk shekara. Ina bakin tanda ina juyawa, Inna tana gefe tana jera su a kwano. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, don haka sai ji na yi ta ce, "Ke." Na ce na'am. Ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Duron nan ya fi ta tsawo. Wa yake zuba mata?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

"Duk sanda ta zo?"

"Duk sanda ta zo."

Ta gyara wata waina da ta karkace. Sannan ta ce, "Na duron kike ba ta? Mai zafin nan?"

Na ce, "A'a. Na randa."

Ta ajiye kwanon a hankali, ta sa bakin mayafi ta rufe fuska. Na ji muryarta daga ciki tana cewa, "Alhamdu lillahi, ta sha mai sanyi. Allah ya yi miki albarka." Wainar da ke cikin tanda ta ƙone, ban iya ɗaga hannu na cire ta ba.